Wayar Gidanmu da Haƙƙin Maƙwabci

Yawancin tsofaffin gidajen unguwarmu a nan Manchok tun zamanin NEPA aka ja musu wuta, lokacin da ƙwai biyu da rediyo ne kawai nauyin waya. Yau ga firiji, ga dutsen guga, ga hita cikin bokiti, duk a kan wayar da robarta ta bushe tana marmashewa cikin silin. In fis ya tsinke sai mu ɗaura masa waya mai kauri, alhali an yi shi ne don ya tsinke kafin gida ya kama.

To, in mun tashi sake wayarin, wa za mu kira? Al'adarmu sai mu ce a ba yaron wane, ɗan unguwa ne, ga sauƙin kuɗi, ga kunyar iyayensa. Zumunci abu ne mai kyau, ba mu musa ba. Amma katangarmu ɗaya da maƙwabci, kwanon rufinmu yana taɓa nasa, iskar hunturu kuma ta iya kai wuta gida na uku. Ashe ba da dukiyarmu kaɗai muke yin kara ba, har da ran 'ya'yan wanda ba a shawarce shi ba.

Saboda haka wanda ya iya shi za a ba, ɗan Moro'a ne, ko Ibo daga Kafanchan, ko namu. Mu je mu ga gidan da ya yi, mu tambayi mai gidan. Yaron wane kuwa, in da gaske yake son sana'ar, a haɗa shi da gwanin ya riƙe masa tsani, a biya shi ladansa.