Tsoron mahayi da haƙƙin doki

A shekara ta 1984, a wasannin Olamfik na Los Anjeles, wani mahayi Bafaranshe mai suna Pierre Durand ya doshi shinge bisa dokinsa Jappeloup. Saura taki ɗaya dokin ya turje. Mahayin ya wuce ta saman kansa ya faɗi, linzami ya zare ya saura a hannunsa, doki ya yi tafiyarsa, duniya tana kallo. Bayan shekara huɗu, a Seyul a 1988, su biyun nan ne suka ɗauki lambar zinariya. Dokin yana nan da tsawonsa na mita 1 da santimita 58, gajere a cikin dawakin wannan wasa, shingayen ma ba wanda ya rage su. Abin da ya sauya yana tsakanin mutum da dabbarsa.

Daga nan tambaya ta taso, wadda kowane malamin hawa yake fuskanta ranar da almajirinsa ya ƙosa da ƙaramin shinge: yaushe ya halatta a ɗaga sanda? Wanda ya ce a dakata, matsoraci ne?

Mutane sun saba ɗaukar ƙarfin hali a matsayin abin da ake haihuwar mutum da shi. A fagen tsallake shinge wannan zato ba ya daɗewa. Sa'ad da doki ya iso gindin shinge ba ya ganin abin da yake dab da hancinsa, sai ya dogara ga abin da ƙafa da hannun mahayi suke faɗa masa. In gaban mahayi ya faɗi, yatsunsa za su ƙanƙame linzami alhali dugadugansa suna cewa a tafi. Umurni biyu ke nan masu karo da juna, sai doki ya zaɓi wanda ya fi tsira, ya tsaya. Barade masu hawan salla a Damagaram ba sa tsallake shinge, amma sun san wannan sarai: ana iya ɓoye wa ƴan kallo fargaba, ba a iya ɓoye ta ga bakin doki.

Saboda haka masu koyarwa suke farawa da sanduna a kwance ƙasa, sannan sanduna biyu a gicciye, sannan santimita 60 ko 70, a yi ta maimaitawa har abin ya gundura. Gundurar nan ita ake nema. Natsuwar da mahayi yake kaiwa gaban babban shinge tarin ƙananan tsallake ne da jikinsa ya riƙe, har ya daina lissafin taki da fargaba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda ya fi nauyi. Mutumin da ya yi ganganci shi kaɗai, kansa ya cuta. Mahayi kuwa bisa wani rai yake, ran da ba a shawarce shi ba. Kafin zamanin Federico Caprilli, hafsan sojan doki na Italiya da ya rasu a 1907, mahaya suna jingina baya ne suna jan linzami a tsakiyar tsallake, suna zaton taimako suke yi, alhali bakin doki da gadon bayansa suke azabtarwa. Caprilli ya tsaya ya duba yadda doki yake tsallake in ba kowa a kansa, ya gajarta likkafa, ya koya wa mahayi ya bi dokin gaba ya sakar masa wuya. Almajirin da aka kai babban shinge bai shirya ba, tsoro yakan mayar da shi ga tsohon zaman nan. Dokin da aka fizgi bakinsa a sama sau uku ya koyi cewa tsallake zafi ne, kuma gyaran wannan yakan ci watanni. A dokar gasar ƙasa da ƙasa turjiya ta farko maki huɗu ce ta hukunci, ta biyu fita ce. Takardar alƙali ba ta nuna wanda ya jawo turjiyar.

Sai dai dakatawa ma tana da nata laifin, kuma ba a cika faɗinsa ba domin yana kama da tausayi. Akwai malamin da yake tsare almajiri a ƙaramin shinge shekara da shekaru, don shi ne yake jin tsoro, ko don ba ya son ranar da za a daina bukatarsa. Malaman aji ma sun san irin wannan. Almajirin da aka daɗe ana ce masa bai isa ba, ƙarshenta zai yarda. Wani tsoron ba ya gushewa sai an ƙetare abin da ake tsoro, ko an shekara ana maimaita na ƙasa da shi.

Shi ya sa malamin kirki ba ya dogara ga amsar baki, domin kunya takan sa yaro ya ce ya shirya. Yana duban hannunsa ko a sake yake, idonsa ko yana kan shinge na gaba, da yadda yake komawa bayan sanda ta faɗi. In waɗannan sun daidaita sai ya ƙara santimita 5 ko 10, wani lokaci ba tare da ya faɗa ba. In doki ya turje sau biyu, ya sauke sandar, a ƙetare ta lafiya, a tafi a kwance sirdi.