Darbejiya ta wa ce?

A shekarar 1994 ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace na Amurka, tare da ma'aikatar aikin gona ta ƙasar, takardar mallakar wata hanya ta kashe fumfunar amfanin gona da man darbejiya. Indiyawa suka ce atafau ba su yarda ba. Daga yankinsu bishiyar ta zo mana, kuma manomansu sun daɗe suna fesa ruwanta a gona. Vandana Shiva, wata 'yar fafutuka ta Indiya, da abokan gwagwarmayarta suka kai ƙara. A 2000 aka soke takardar, a 2005 aka yi watsi da ɗaukaka ƙarar.

Hukuncin ya yi mini daɗi, amma ban bi masu kiran masanin kimiyya ɓarawo ba. Malamanmu sun koya mana cewa ruwa da ciyawa da wuta mutane sun yi tarayya a cikinsu. Duk da haka mai garuwa da ya sha nauyi ya ɗebo, halal ne ya sayar. Wanda ya shanya 'ya'yan darbejiya, ya tatso man, ya rarrabe sinadaransa, ya ɗiga a kan fumfuna yana auna adadin da zai kashe ta bai ƙona ganyen shuka ba, wannan ya ci guminsa. Gwaggona takan dafa ganyen ta wanke wa yara makero a ka, ɗacin har a hannunta yake kwana. Wani ya warke, wani sai an kai shi asibiti, domin ma'auninta cikin tafi ne. Wannan giɓin bincike yake cikewa, kuma ina ganin ibada ce ga wanda ya gyara niyya.

Inda na tsaya shi ne mai garuwa ya ce kogin ma nasa ne. Ba shi ya sa maganin a cikin bishiyar ba, ba kuma shi ya fara gane shi ba. Tsofaffin da ba a rubuta sunansu ba sun riga shi. Haƙƙinsu bai faɗi don ba su da takarda ba.

Sai dai kotu takarda da shaidu take nema, su ne suka ceci Indiya. A 2001 ƙasar ta fara tattara magungunanta na gargajiya a rumbun kwamfuta, don masu rajista su duba kafin su ba wani. Abin da aka sani a kan lalle da bagaruwa da sabara a ƙasar Hausa, mafi yawansa yana kawunan mutanen da suka manyanta.