Jinin da ke bakin aswakinka

Ɗana, kai da ke zaune nan kudancin Jidda, zo mu yi maganar jinin da kake gani a bakin aswakinka kafin sallar asuba. Ka tofar, ka kurkure baki, ka ce aswakin ne ya yi tauri. Ni ma haka na yi ta faɗa shekara da shekaru, har ranar da na gatsa burodin tamis na ji turmin haƙorina ya motsa.

Ciwon dasashi ba ya hana barci, shi ya sa yake samun sarari. Datti da ƙwayoyin cuta suna taruwa a gindin haƙori, su daskare su yi tauri. Jir Larabawa ke ce masa. Idan ya kai nan, aswaki da buroshi ba su iya kankare shi. Dasashi ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, ƙashin da ke riƙe da saiwa ya riƙa zaizayewa kamar azarar da gara ta shiga. A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tsananin irinsa ya kama kimanin kashi 19 cikin ɗari na manya, fiye da mutum biliyan 1.

Likita yana da wani siririn ƙarfe mai zane-zane da yake auna ramin da shi. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ke nan. Nawa ya kai 7. Da wanki ake farawa, a kankare har ƙarƙashin dasashi, a ba ka 'yan makonni, a sake aunawa. Inda ramin ya tsaya a 6 ko fiye, nan ake maganar tiyata.

A nan mutanenmu ke gudu, kuma a nan nake roƙonka ka tsaya. Ba a sa ka barci. Allurar kashe zafi ake yi, kana ido biyu, kana jin motsi amma ba ka jin ciwo. Likita ya tsaga dasashin, ya ɗaga shi kamar yadda ake ɗaga bakin tabarma a share ƙarƙashinta, ya ga saiwar da idonsa, ya kankare ta tas, ya mayar ya ɗinke. Inda ƙashi ya rarake, wani lokaci a cike gurbin da garin ƙashi na asibiti. Aikin ya daɗe a duniya: tun 1918 wani likitan Suwidin, Leonard Widman, ya bayyana irinsa. Da aka yi mini nawa, na yi kwanaki ina shan kunu mai ɗumi-ɗumi da madara, ban kai aswaki wurin ba, ruwan kurkure baki kawai, sannan aka cire zare. Haƙora uku aka ceto mini. Na huɗun, wanda ya motsa a kan tamis, cire shi aka yi, domin na makara.

Kada ka ɓoye wa likita komai. In kana da ciwon suga, faɗa masa, don suga da ciwon dasashi suna rura wa juna wuta. In kana shan maganin tsinka jini, faɗa masa kafin ya taɓa ka. Sigari da shisha da tabar shamma kuwa suna hana ɗinki warkewa yadda ya kamata. Ka ajiye su. Haƙorin Makka da muke ƙawa da shi, in bai zauna daidai ba, gefensa matattarar datti ce, sai ka sa a duba.

Na san riyal ba ta zuwa da sauƙi. In kana da inshorar wurin aiki, tambayi abin da ta ɗauka. Jami'ar Sarki Abdul'aziz tana da tsangayar haƙori mai sashen dasashi, asibitocin gari ma suna da ƙwararrunsa; wanda ya ƙware a dasashi za ka nema, mai lasisi, kada ka miƙa bakinka ga mai cire haƙori a lungu.

Bayan an warke, za a ce ka riƙa dawowa wanki duk wata uku zuwa shida. Ka je, ɗana. Ramin da aka rufe yana sake buɗewa in an bar datti ya koma.