BAƘON DA BA SHI DA TAKARDA: ME UBANGIJI YAKE BUKATA DAGA GARE MU?

Karatu: Littafin Firistoci 19:33-34; Maimaitawar Shari'a 24:14-22; Matiyu 25:31-46



Idan ka fita da sassafe a Bolari, ko Tudun Wada, ko Jekadafari, za ka gamu da mutanen da garin Gombe yake dogara da su amma ba ya ƙirga su. Ga mai ga-ruwa yana tura kura, ga mai shayi ya hura wuta, ga mai gadi yana naɗe tabarmarsa. Waɗansu 'yan ƙasa ne, waɗansu kuwa daga Nijar, ko Chadi, ko Kamaru suka zo ci-rani, rani ya zama shekaru, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya. Da yawa cikinsu ba su da wata takarda da za su nuna. Idan aka hana su ladan aikinsu ba sa kai ƙara. Idan suka hango shingen jami'an tsaro, gabansu ya faɗi. A kan waɗannan mutane nake so mu tsaya gaban Maganar Allah.

Abin da Nassi ya koyar

A Littafin Firistoci sura 19, Ubangiji ya hana Isra'ilawa zaluntar baƙo, ya kuma umarce su su ƙaunace shi kamar ɗan gida. Dalilin da ya ba su shi ne tarihinsu: su ma sun yi baƙunci a Masar. A Maimaitawar Shari'a sura 24 aka sauko da umarnin zuwa gona da aljihu. A biya ɗan ƙodago ladansa kafin faɗuwar rana, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Kada a karkatar da shari'arsa. A bar masa kala a gona. Mu lura cewa waɗannan dokoki ne na ƙasa, ba shawara ce ga masu taushin zuciya kaɗai ba. Ta wannan doka ce Rut, mutuniyar Mowab, ta sami abinci a gonar Bo'aza, daga zuriyarta kuma Dawuda ya fito, har zuwa Ubangijinmu Yesu. Shi kansa Mai Ceto, yana jariri, an gudu da shi Masar da dare saboda takobin Hirudus. A Matiyu 25 kuwa ya gaya mana cewa a ranar shari'a zai lissafta abin da muka yi wa baƙo a matsayin abin da muka yi masa.

Mu ma mun yi baƙunci

A watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban 'yan Nijeriya, Yarbawa da Hausawan zango, suka sayar da kayansu da arha suka hau manyan motoci. Akwai waɗanda a can aka haife su, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba.

Bayan shekara goma sha uku da 'yan watanni, muka yi wa waɗansu abin da aka yi mana. Ranar 17 ga Janairu, 1983, gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Kimanin mutum miliyan biyu ne suka tashi, wajen rabinsu 'yan Gana, sauran kuma daga Nijar, Chadi, Kamaru, Togo da Benin. Mutane suka cunkushe a iyakar Seme da tashar jiragen ruwa ta Apapa, waɗansu suka mutu a hanya. A 1985 aka sake wata korar. Jakar nan mai zane da muke zuba kaya a ciki idan za mu ƙauye lokacin Kirsimeti, daga wannan baƙin ciki ta sami sunanta.

Sai kuma zamani ya juya. A 2014, sa'ad da Gwoza da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram, 'yan'uwanmu masu bi da Musulmi suka watse. Waɗansu sun iso nan Gombe, muka shimfiɗa musu tabarma a majami'u da zauruka. Waɗansu suka haura dutse zuwa Kamaru ba fasfo, ba katin shaida, suka zauna a sansanin Minawao. An kuma tilasta wa dubbai daga cikin masu gudun hijira komawa Nijeriya tun ƙura ba ta lafa ba. A wannan lokaci mun yi addu'a Allah ya sa a ji tausayinsu a can. Wanda ya roƙa wa nasa jinƙai a ƙasar wani, da wane baki zai hana shi ga baƙon da ke ƙofarsa?

To, tsaro fa?

Wani dattijo zai ce, ai mun ga abin da ya faru. Gaskiya ne. Muhammadu Marwa Maitatsine daga Kamaru ya zo, kuma tarzomar mabiyansa ta taɓa Gombe a watan Afrilu na 1985, a Pantami. A watan Yuli na 2015 bama-bamai sun tashi a kasuwarmu da tashoshin mota. Tsoron nan yana da tushe, Romawa 13 kuma ta tabbatar cewa hukuma tana da ikon tsare iyaka da hukunta mai laifi. Ekklesiya ba ta koyar da karya doka.

Amma Ezekiyel sura 18 ta koya mana cewa alhakin laifi yana kan wanda ya aikata shi. Ba a hukunta mai ga-ruwa saboda ɗan ta'adda ya fito daga ƙasarsu, kamar yadda mu ma ba ma so a ɗauki kowane ɗan Nijeriya a waje a matsayin ɗan damfara. Bugu da ƙari, mutumin da hukuma ta rubuta sunansa, ta san inda yake kwana, ya fi sauƙin sa ido a kan wanda tsoro ya sa ya ɓuya. Adalci ga baƙo yana ƙara wa gari tsaro.

Gyaran da ya kamata mu nema

Na farko, hanyar samun takarda. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza na kwana 90, amma talakan da ya shekara ashirin a nan bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Chadi da Kamaru ba sa cikin ƙungiyar, Nijar kuma ta fice a watan Janairu na 2025. A watan Yuli na 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta buɗe rajistar baƙi tare da afuwar wata shida ga marasa takarda. Mataki ne mai kyau. Ya kamata irin wannan ƙofa ta zauna a buɗe, da kuɗi kaɗan, da bayani cikin Hausa, Fulatanci da Kanuri.

Na biyu, kada a raba iyali. Sashe na 26 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya wannan dama ba. 'Ya'yansu 'yan ƙasa ne ta wurin uwa, bisa ga sashe na 25, duk da haka ana iya fitar da ubansu. Mu da muke shaida cewa Allah ne yake haɗa aure, ya kamata mu roƙi 'yan majalisarmu su gyara wannan.

Na uku, a saurari mutum kafin a fitar da shi. A watan Janairu na 1980 aka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka kai shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ce ta tabbatar masa da haƙƙinsa. Idan haka ta sami babban mutum, yaya mai yankan farce? Manzo Bulus ma, a Ayyukan Manzanni 22, ya tsaya a kan haƙƙinsa sa'ad da za a yi masa bulala ba shari'a.

Abin da ke hannun iyalinmu

Gyaran doka yana ɗaukar lokaci, amma biyayya tana farawa yau. Maigida, ka biya mai gadinka cikakken albashi a kan kari, kada rashin takardarsa ya zama maka riba. Uwargida, yarinyar da take taimakonki, kin san sunan garinsu? Tana zuwa makaranta? Zumuntar Mata, ku taimaki maƙwabta su karɓo wa jariransu takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, gama yaron da ba a rubuta ba yau, shi ne babban da za a ce ba shi da ƙasa gobe. Lauyoyi da ma'aikatan shige da fice da suke cikin ekklesiya, ku ba da saninku kyauta, kada kuma hannunku ya karɓi toshiyar baki daga matsoraci. Fastoci da dattawa, ku kai maganar nan tarurrukan gunduma da na CAN, a rubuta wa wakilanmu. Kada mu tambayi addinin mutum kafin mu yi masa adalci. Iyaye, ku kula da sunayen da kuke kiran baƙi da su a gaban yara.

Mu duka baƙi ne a duniya, kamar yadda Bitrus ya tuna mana a wasiƙarsa ta fari. Ba mu da takardar shiga Mulkin Sama sai wadda Almasihu ya sa mata hannu da jininsa.

Addu'a

Ya Uba, ka gafarta mana inda muka ci gumin baƙo, ko muka kau da kai daga kukansa. Ka ba shugabanninmu hikima su yi dokokin da za su tsare ƙasa, su kuma tsare iyali. Ka kiyaye namu da suke baƙunci a ƙasashen waɗansu. Ka buɗe idanunmu mu gane Ɗanka a fuskar wanda yake tsaye a ƙofarmu. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.