Wanda Ya Kulle Ƙofa, Ya Je Ya Duba

Idan yaro ya yi laifi aka tsare shi, alhakin abin da zai same shi a bayan ƙofa yana wuyan wa? Domin mu yi tunani a kan wannan, bari mu dubi tsarin jihar Teksas ta ƙasar Amurka.

Jihar tana da gundumomi 254, kuma doka ta ɗora shari'ar yara a kowace gunduma a hannun wata hukuma ta musamman. Yaro a nan shi ne wanda ya kai shekara 10 amma bai cika 17 ba lokacin da ya aikata laifin. A yawancin gundumomi 'yan hukumar su ne shugaban gunduma da alƙalan manyan kotunan yankin. Su ke naɗa babban jami'in da ke sa ido a kan yaran da aka saki bisa sharaɗi, su ke tsara kasafin kuɗi. Majalisar gunduma ke ba da kuɗin, jiha kuma ta taimaka, ta kafa ƙa'idodi.

Amma akwai farilla ɗaya da ta fi jan hankalinmu. Aƙalla sau ɗaya a shekara, dole alƙalan kotun yara da mafi yawan 'yan hukumar su tafi da ƙafafunsu gidan da ake tsare yaran, su duba, sa'an nan su rubuta ko wurin ya dace da yara ko bai dace ba. Doka ba ta yarda su dogara ga rahoton wani kaɗai ba, gama gani ya kori ji.

Wani zai ce, ziyarar rana ɗaya me za ta gyara? Ai sai a share tsakar gida, a sa wa yara tufafi masu tsabta. Gaskiya ne, hakan yana iya faruwa. Duk da haka, alƙalin da ya shiga ɗakin ya sa hannu ba zai iya cewa gobe bai sani ba. Idan an cuci yaro a wurin, sunansa na kan takarda.

Abin da muka koya ke nan: ikon horo ba ya rabuwa da nauyin kulawa. Mu iyaye, malamai da dattawan ikilisiya, sau nawa muke yanke wa yaro hukunci, mu kore shi daga makaranta ko mu tura shi wurin dangi, sa'an nan mu juya baya? Mun san inda yake kwana? Mun san wanda ke dukansa? Ubangiji ya lissafa ziyarar ɗaurarru cikin ayyukan da za a tambaye mu a ranar shari'a. In mun hori yaro a wannan shekara, bari mu tashi a wannan mako mu je mu gan shi.