Shiru Iri Biyu Ne

Hausawa sun ce shiru ma magana ce. To amma kowane shiru ne yake magana? A kan wannan muke son mu ɗan yi tsokaci, kuma daga nesa za mu aro madubi.

Ranar 1 ga Janairu 1921 aka fara nuna wani fim a ƙasar Suwidin mai suna Körkarlen, wato mai tuƙa amalanke. Victor Sjöström ne ya shirya shi daga littafin Selma Lagerlöf, a zamanin da fim bebe ne, sai ɗan rubutu jefi-jefi. Shi da kansa ya fito a matsayin wani mashayi da ya wulaƙanta iyalinsa, har amalanken mutuwa ya zo masa a daren ƙarshen shekara, aka sa shi duban ɓarnar da ya yi. Ya ɗora hoto bisa hoto, mai kallo ya ga kurwa tana rabuwa da gangar jiki. Nadama kuwa a fuska ake karanta ta. Ya amince mai kallo yana da hankalin yanke wa kansa hukunci. Wannan gado Ingmar Bergman ya ɗauka, har ya ba tsohon babbar rawa a fim ɗinsa na 1957.

Mu a Arewa, ta majigi muka san hoto mai motsi: motar hukuma a ƙofar fada, ga wani riƙe da lasifika yana gaya mana ma'anar abin da idonmu yake gani. Can an yi shiru don mai kallo ya yi tunani. Nan an yi magana don a hutar da shi tunanin.

Akwai kuma shiru na biyu, wanda ake ɗora wa mutum. Manoman Talata Mafara, Bakura da Maradun sun san shi. An gama madatsar ruwan Bakolori a 1978, gonaki da gidaje suka tafi. Da suka tashi neman diyya, a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Mutane suka mutu, masu lasifika suka ba da labarin yadda suka so.

Saboda haka aikinmu na marubuta biyu ne. In muna zana mutum, mu rage wa'azi, mu bar halinsa ya yi magana. In kuwa an toshe masa baki, shirunmu ba fasaha ba ce, haɗa baki ne da wanda ya toshe shi. Allah ya sa mu iya bambance su.