Tiyon Da Aka Toshe Da Ƙusa

Wata rana a Zakirai, ina jiran a yi mini faci, idona ya kai kan wani yaron gareji da ke fama da wata tsohuwar Golf. Ya ci karo da siririn tiyo yana reto a ƙarƙashin bonet. Bai bi sawunsa ya ga inda ya fito ba. Ƙusa ya lalubo a ƙasa, ya cusa a bakin tiyon, ya naɗe da salatif. Mai motar ya ce, "Samari, wannan fa?" Yaron ya ce, "Alhaji, ba ya aikin komai, ƙa'idar Turawa ce kawai."

Da wannan magana aka raba motocinmu da kaya masu yawa. Da ita ake cire abin da ke daidaita zafin inji a yar, da ita ake fasa salansa a kwashe "indomi" mai tace hayaƙi a sayar.

To, tiyon nan yana da aiki. Fetur ba ya zama shiru a tanki. Ko mota a ajiye take yana tururi, balle a bazarar Kano da zafi kan haura digiri 40. Shi ya sa masu ƙera mota suka sa wani baƙin gwangwani cike da gawayi, abin da ya zama doka a Amurka tun wajen 1971. Tiyo ɗaya ya kawo tururin daga tanki, gawayin ya riƙe shi. Idan inji ya ɗau zafi, sai wani ɗan bawul ya buɗe, zuƙar inji ta janye tururin ta tiyo na biyu, ya ƙone tare da sauran mai. Akwai kuma ƙofar da gwangwanin ke shan iska.

A bar tiyon inji a buɗe, mota ta riƙa shaƙar iskar da ba a auna ba: sulo ya lalace, tana karkarwa, ƙurar hunturu kuma ta shige ba tare da ta bi ta matata ba. A toshe na tanki, tanki ya rasa numfashi, ka buɗe murfi ka ji ya yi huci kamar kububuwa. Daga nan sai a hau canza fulogi da famfon mai, ana neman ciwon a inda ba ya nan. Fitilar gargaɗi ta kama, ita ma a liƙe ta da salatif.

Abin da ke ba ni haushi shi ne gyaran ba shi da wuya. Yawancin motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, masu shigo mana ta Kwatano, suna ɗauke da taswirar tiyoyin nan manne a cikin bonet. Tiyo kuwa ga shi nan birjik a Ƙofar Ruwa. Makanikan da muka taso muka gani, da dama cikinsu ba su yi boko ba, amma kafin su zare tiyo sai sun ɗaura masa zare ko sun yi masa alama da fenti, yaro kuma ya shekara yana wanke noti kafin a bar shi ya taɓa kabureta. Yau wata shida ya isa yaro ya sayi sifana uku ya kafa rumfarsa.

Mu masu mota ma ba mu fita ba. Mu ne ke cewa, "Yi mini dabara in kai gida," gidan kuma ba a taɓa isa ba. Mu ne ke girgiza mota a gidan mai bayan famfo ya tsaya, a ƙara ɗurawa har wuya, ɗanyen fetur ya gangara cikin gawayin ya kashe shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa na ƙirga lita kamar zinariya, amma a bar ta tana tsiyaya sama ba a damu ba.

Alhajin ya biya, har da na goro. Golf ta hau titi ta nufi Gezawa tana tari, warin fetur ya daɗe a rumfar bayan ta ɓace.